Babi na Shida: Gado da Hayaƙin Ƙarfe

Cutar huhu ta wurin sana'a ita ce wadda mutum yake ɗauka daga abin da yake shaƙa yayin neman abincinsa: ƙurar dutse, hayaƙin walda, tururin narkakken ƙarfe, ko garin da ke tashi idan ana wasa zarto. Likitoci sun daɗe da sanin cewa yawan abin da aka shaƙa da tsawon shekarun da aka ɗauka ana shaƙarsa su ne manyan ma'aunai na haɗarin. Sun kuma daɗe da lura da wani abu da ma'aunan nan biyu ba su iya bayyanawa. Mutum biyu za su yi shekara ashirin a rumfa ɗaya, kan aiki ɗaya, ɗaya ya tsufa da numfashinsa garas, ɗayan kuwa tun bai kai arba'in ba hawan 'yar tudu ya gagare shi. Wani kaso na wannan bambanci yana cikin abin da kowannensu ya gada daga iyayensa.

A Rurum Sabon Gari, cikin ƙaramar hukumar Rano, babu babbar masana'antar ƙarfe, haka ma a Kibiya da ƙauyukan da ke kewaye. Noma ne ƙashin bayan yankin, ga dam ɗin Tiga a kusa, wanda aka kammala a 1974, yana ciyar da noman rani. Amma noma da gini ba su tafiya sai da ƙarfe. Garma da fartanya da lauje suna fitowa daga maƙera. Ƙofa da taga da amalanke da ƙafar injin ban ruwa suna bi ta hannun mai walda. Tsakuwar da ake zuba wa gini daga duwatsun yankin ake fasa ta. Idan an gama girbi kuma, samari da dama sukan tafi cin rani, wasu Kano wurin 'yan gwangwan da masu narka alminiyum, wasu wuraren haƙar ma'adinai. Huhun da ya dawo gida da damina yana ɗauke da abin da ya shaƙa a can.

Yana da kyau a dubi rumfar walda ta bakin hanya da kyau, domin a nan ne mafi yawan shaƙar take faruwa. Maigidan yana tsugune, baƙin tabarau a idonsa, sandar walda a hannunsa. Yaron da ke koyon aiki shi ke riƙe ƙarfen don kada ya goce, ya kau da idonsa daga hasken, amma hancinsa yana daidai inda farin hayaƙin yake miƙewa sama. Idan an gama ɗinkin ƙarfen sai a kawo injin gurza a goge shi, tartsatsi na tashi, baƙin gari na sauka a kan riga da gira. Da yamma yaron zai fyace majina ya ga ta yi baƙi. Yawanci gwangwanin madara shi ne maganin da aka sani, domin an yi imani tana wanke ƙirji. Madara ciki take shiga, hayaƙi kuwa huhu ya shiga, hanyarsu ba ɗaya ba ce. Abinci ce mai kyau, amma ba ta fitar da ko ƙwaya ɗaya ta abin da ya zauna a huhu.

Abin da huhu ke yi da ƙura

Baligi yana shaƙar iska fiye da lita 10,000 a yini, mai aikin ƙarfi kuwa ya fi haka nesa. Iskar tana bi ta maƙogwaro zuwa bututun da ke ta rarrabuwa kamar rassan bishiya, har su ƙare a wasu 'yan jakunkuna na iska, miliyan ɗari uku zuwa ɗari biyar, inda iska ke ratsawa cikin jini. Manyan ƙwayoyin ƙura gashin hanci da majina suna tare su, a yi tari ko atishawa a fitar. Waɗanda ke isa can ƙasa su ne waɗanda ido ba ya gani, masu ƙanƙantar da ba ta kai kashi ɗaya cikin goma na kaurin gashin kai ba. Hayaƙin walda ya ma fi haka laushi, domin ƙarfe ne da ya zama tururi saboda zafi sannan ya daskare a iska.

A cikin jakunkunan akwai wasu ƙwayoyin garkuwar jiki masu aikin shara, suna haɗiye duk baƙon abu. Abin da zai biyo baya ya dogara da irin abin da suka haɗiya. Tsatsar baƙin ƙarfe takan taru ta fito ɗige-ɗige a hoton ƙirji ba tare da ta yi wa huhun tabo mai yawa ba. Likitoci biyu a Birtaniya, Doig da McLaughlin, sun bayyana wannan a jikin masu walda a 1936. Garin kuza ma haka yake, hoto ya yi muni amma numfashi yana nan kusan lafiya. Hayaƙin tutiya, wanda ke tashi idan an yi walda a kan bututu ko kwanon da aka yi wa rufin tutiya, yana kawo zazzaɓi da rawar ɗari da ciwon gaɓoɓi sa'o'i kaɗan bayan tashi daga aiki, ya wuce cikin kwana ɗaya ko biyu. A ƙasar da zazzaɓin cizon sauro ya zama ruwan dare, kusan kullum da sunansa ake sayo masa magani a kemis.

Akwai waɗanda ba su da wannan sauƙin. Kuromiyam da nikel na ƙarfen da ba ya tsatsa suna iya haddasa asma, kuma suna cikin abubuwan da ke jawo sankarar huhu. A 2017 hukumar binciken sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa hayaƙin walda gaba ɗayansa a rukunin farko na abubuwan da aka tabbatar suna jawo sankara ga ɗan Adam. Masu walda sun fi sauran mutane kamuwa da ciwon nimoniya mai tsanani, har hukumomin lafiya na Birtaniya suna ba da shawarar a yi musu allurar rigakafinsa. Silika kuma, wato sinadarin da ke cikin yashi da ƙanƙarar dutse, ita ce mafi yawan ɓarna a duniya. Ba ƙarfe ba ce, amma duk mai neman ƙarfe a cikin dutse sai ya ratsa ta. Ƙwayar da ta haɗiye ta takan mutu, wata ta zo ta haɗiya ta mutu, wurin ya yi ta kumburi har ya zama tabo mai tauri. Tabon ba ya warkewa, kuma yana iya ci gaba da yaɗuwa shekaru bayan mutum ya bar aikin.

Kudancin Kano ya san haƙar ma'adinai tun kafin zuwan Turawa. A Riruwai, cikin ƙaramar hukumar Doguwa ta yanzu, an daɗe ana narka kuza ana zuba ta siri-siri kamar tsinke ana kai ta kasuwanni. Daga baya aka buɗe rami na ƙarƙashin ƙasa a can, aikin ya tsaya a shekarun 1980. Ga mai haƙa a irin wannan dutse, kuzar da yake nema ita ce mafi ƙarancin haɗari ga huhunsa. Silikar da ke tashi daga bakin guduma da injin huda dutse ita ce abin tsoro.

Inda gado ya shigo

Mai karatu a Kano ba baƙo ba ne ga maganar ƙwayoyin gado. Kowa ya san AA da AS da SS, ya san yadda iyaye biyu masu lafiya za su haifi ɗa mai amosanin jini, kuma tun watan Mayun 2024 dokar jihar ta wajabta gwaji kafin aure. Jikin mutum yana da irin waɗannan ƙwayoyi kimanin 20,000, kowace kwafi biyu, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba. Sai dai gadon da ake magana a kansa a wannan babi ya sha bamban da na sikila ta fuska ɗaya muhimmiya. Mai SS zai yi ciwo ko ina ya zauna, ko wace sana'a ya yi. Mai ɗauke da gadon rauni ga wani ƙarfe kuwa zai iya shekara tamanin bai taɓa sanin yana da shi ba, muddin ƙarfen bai shiga huhunsa ba.

Misalin da kimiyya ta fi fahimta shi ne na beriliyam, wani ƙarfe marar nauyi mai ƙarfin gaske da ake amfani da shi a jiragen sama, da makaman nukiliya, da kayan lantarki idan an gauraya shi da jan ƙarfe. A 1946 wata likita Ba'amurkiya, Harriet Hardy, ta wallafa bayanin ma'aikata 17 na wata masana'antar dogon ƙwan fitila a jihar Massachusetts, yawancinsu mata matasa, waɗanda suka kamu da tari da haki da rama. Garin da ake shafa wa cikin ƙwan yana da beriliyam. Kafin 1950 aka daina sa shi a fitilun, amma cutar ta bar wa likitoci tambayoyi masu wuya. An samu matan aure da suka kamu alhali ba su taɓa shiga masana'anta ba, wankin kayan aikin mazajensu kawai suke yi. A garin Lorain na jihar Ohio an samu maƙwabtan wata masana'anta da suka kamu daga iskar unguwa. A gefe guda ga ma'aikatan da suka yi shekaru cikin ƙurar dumu-dumu ba abin da ya same su. Wani kuma sai bayan shekara ashirin ko fiye da barin aikin ciwon yake bayyana.

Amsar ta zo a 1993, lokacin da Luca Richeldi da Rosa Sorrentino da Cesare Saltini suka wallafa bincikensu a mujallar Science. Sun duba wata ƙwayar gado mai suna HLA-DPB1. Aikinta shi ne ƙera wani ɗan maƙali a bayan ƙwayoyin garkuwar jiki, wanda ke ɗauko guntun duk abin da aka haɗiya ya ɗaga shi sama don dakarun jiki su duba, su tantance ko na gida ne ko baƙo. Maƙalin sarƙa ce ta ƙananan sinadarai a jere, kuma a gurbi na 69 mutane sun bambanta. Wasu suna da sinadarin gulutamet a wurin, wasu suna da wani dabam. Cikin majinyata 33 da aka gwada, 32 suna da gulutamet a gurbin. Cikin abokan aikinsu da suka shaƙi ƙurar ba su kamu ba, kashi 30 cikin ɗari ne kawai suke da shi.

Bincike na baya ya nuna dalilin. Gulutamet yana sa wani ɗan aljihu a jikin maƙalin ya riƙe ƙwayar beriliyam kamar yadda maganaɗisu ke riƙe allura. Da ta zauna a ciki sai siffar maƙalin ta sauya, dakarun jiki su ga abin nasu ya zama baƙo, su far masa. Tun da ƙarfen ba ya narkewa ya fita da sauri, faɗan ba ya ƙarewa. Ƙwayoyin garkuwa suna taruwa su yi 'yan ƙulle-ƙulle a cikin huhu, ƙulle-ƙullen su zama tabo. Jikin mutum ne da kansa yake yi wa huhunsa lahani, ƙarfen ya tayar da rigimar ne kawai.

Ana iya ɗauka cewa da wannan magana ta ƙare, a gwada kowa a ware masu gadon. Lissafin bai yarda da haka ba. A Amurka kimanin mutum ɗaya cikin uku na fararen fata yana da wannan gado, cikin baƙaƙen fata kuwa kusan huɗu cikin goma, alhali waɗanda ke kamuwa cikin ma'aikatan beriliyam yawanci ba su kai goma cikin ɗari ba. Mafi yawan masu gadon ba za su taɓa yin ciwon ba, kuma akwai majinyatan da ba su da shi sam. A 1997 Richeldi da abokan aikinsa sun duba wata masana'antar da ke sarrafa beriliyam, suka mai da hankali kan masu yanka da gogewa a kan inji, waɗanda suka fi kowa shan ƙura. Cikinsu, masu gadon kashi 25 cikin ɗari ne suka kamu, marasa gadon kuwa kashi 3 da ɗoriya. Ma'aikatan da ke sassan da ƙura ba ta da yawa, da masu gadon da marasa shi, kamuwarsu kaɗan ce ƙwarai. Gadon ya ninka haɗarin sau takwas, amma sai a inda ƙurar ta yi yawa. Shi ya sa a 2017 hukumar kula da lafiyar ma'aikata ta Amurka ta rage iyakar beriliyam da aka yarda da ita a iskar wurin aiki daga maikirogiram 2 zuwa 0.2 a kowace kubik mita, wato ta rage ta ninki goma ga kowa da kowa.

Beriliyam ba abin da maƙerin Rurum zai ci karo da shi kullum ba ne. Hanyar da zai iya biyowa ita ce ta tsofaffin kayan lantarki da tarkacen injuna da ake fasawa, a ƙona, a narka don fitar da jan ƙarfe, aikin da samari da yara ke yi a wuraren gwangwan ba tare da sanin abin da ke cikin gaurayen ba.

Ƙarfe na biyu ya fi kusa da gida. Haƙoran zarton injin katako, da bakin ƙarfen huda dutse, da kan wasu kayan yanka, ana yin su ne da garin tangistin da aka ɗaure da kobal. Mai wasa su a kan dutsen inji, a bushe, yana shaƙar garin biyun. Wasu sukan kamu da asma, wasu kaɗan kuma da wata cuta mai sa huhu ya yi tauri ya tsuke, wani lokaci bayan 'yan shekaru kaɗan na aiki, alhali na kusa da su lafiya lau. A Beljiyam an ga irinta a shekarun 1980 a jikin masu goge lu'ulu'u da faifan da ke da kobal. A 1997 masu bincike a Italiya sun ba da rahoton cewa gulutamet na gurbi na 69 ɗin nan ya yi yawa a cikin waɗannan majinyata ma. Adadin waɗanda aka gwada bai da yawa, don haka hujjar ba ta kai ƙarfin ta beriliyam ba, amma tana nuna hanya ɗaya.

Sauran gadon da aka bincika tasirinsu ya fi rauni. A 1963 Laurell da Eriksson a Suwidin sun gano mutanen da jininsu ke da ƙarancin wani sinadari mai kare huhu daga narkewa; irin waɗannan taba da ƙura suna lalata musu huhu da wuri, amma nau'in mai tsanani ya fi yawa a arewacin Turai. A Afirka ta Kudu, wani bincike na 2002 kan baƙaƙen fata masu haƙar zinare ya danganta wani bambanci a ƙwayar gadon da ke sarrafa kumburi da tsananin cutar silika. Duk da haka, a cutar silika yawan ƙura ya rinjayi komai. Idan ta kai wani mataki, babu gadon da ke kare mutum.

Akwai kuma giɓin da ya shafi yankin nan kai tsaye. A 2019, kusan kashi 80 cikin ɗari na mutanen da aka yi manyan binciken ƙwayoyin gado a kansu 'yan asalin Turai ne, 'yan asalin Afirka kuwa kashi biyu ne zuwa uku, alhali Afirka ta fi kowace nahiya bambancin gado tsakanin mutanenta. An kafa shirin H3Africa a 2010 don cike wannan giɓi. Har sai an yi irin wannan aiki a kan maƙera da masu walda da mahaƙa na ƙasar Hausa, alƙaluman Amurka da Italiya manuniya ce, kuskure ne a ɗora su kan mutumin Rano kamar an auna shi.

Gado biyu a gida ɗaya

Ƙira sana'ar gado ce a ƙasar Hausa. Ɗan maƙeri yana fara zama gaban zuga-zugi tun bai isa ɗaga masaba ba, a rumfar da kakansa ya zauna, cikin hayaƙin gawayi iri ɗaya. Walda ma ta bi sahu: ƙane yana koya a wurin wa, ɗa a wurin uba ko kawu. Idan aka ga uba ya yi fama da tari da haki, ɗa ma ya taso da shi, sai a ce ai ciwon gidansu ne. Wataƙila akwai gaskiya a ciki, musamman a dangin da ake yawan auren zumunci. Amma gidan ya gadar wa yaron abu biyu a lokaci guda, jini da rumfa, kuma da ido ba a iya raba su. Cewa gado ne yana sa a naɗe hannu, alhali rabin gadon, wato hayaƙin, abu ne da ake iya sauyawa gobe da safe.

Kuskure na biyu ya fi wannan yaɗuwa. Kowace sana'a tana da dattijon da ake nunawa: shekara arba'in yana walda ba takunkumi, ga shi nan daram. Ana kafa hujja da shi a kan yaron da ya ce ƙirjinsa na ciwo, a ce raki ne, ko jininsa ne bai karɓi aikin ba. Dattijon shaida ne a kan jikinsa shi kaɗai. Waɗanda suka fara tare da shi, hayaƙin ya kore su tun da wuri, sun koma gona ko sun rasu da sunan sanyi ko tarin fuka, ba wanda ke ƙirga su. Masana lafiyar ma'aikata sun san wannan ruɗu sarai: duk rumfar da aka shiga, masu juriya ne suka rage a ciki, sai aikin ya yi kama da marar lahani.

Gwajin gado a wurin ɗaukar aiki yana da nasa haɗarin. A 2001 hukumar daidaiton ɗaukar aiki ta Amurka ta kai kamfanin jirgin ƙasa na Burlington Northern Santa Fe kotu saboda gwada jinin ma'aikatan da suka nemi diyya a ɓoye, don neman dalilin gado ga ciwon hannunsu. A 2002 kamfanin ya amince ya biya dala miliyan 2.2. A 2008 ƙasar ta yi dokar da ta hana amfani da bayanan gado wajen ɗauka ko korar ma'aikaci. A Najeriya, dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta sa bayanan gado cikin masu buƙatar kariya ta musamman. Hukuncin da ya dace a nan a fili yake. Gwajin da zai kori mutum uku ko huɗu cikin goma daga abincinsu, yawancinsu ba tare da wani ciwo na jiran su ba, ya kuma bar sauran cikin ƙurar da za ta cuci wasunsu, sauƙi ne ga mai masana'anta kawai. Idan ma'aikaci da kansa ya nemi sanin gadonsa, a asirce, tare da bayanin likita, wannan haƙƙinsa ne.

Abin da ke rage ciwon

Arewacin Najeriya yana da nasa darasin, mai ɗaci. A watan Maris na 2010 ƙungiyar likitoci ta MSF ta gano yara suna mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum a jihar Zamfara. Dutsen zinaren da ake haƙowa yana cike da dalma, ana daka shi a turmi ana niƙa shi a injin niƙan hatsi a cikin gidaje. Yara aƙalla 400 suka rasu. A 2015 abin ya sake faruwa a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja, yara 28 suka mutu. Dalma ƙwaƙwalwa da jini da ƙoda take kamawa fiye da huhu, amma ƙurar da ta ɗauko ta ita ce kuma ke ɗauke da silika zuwa huhun masu niƙan. Daga baya MSF da wata ƙungiyar lafiyar ma'aikata ta Amurka suka gwada feshin ruwa a bakin injinan niƙa da wuraren haƙa a arewacin Najeriya. Sakamakon da aka wallafa a 2019 ya nuna dalmar da ke iska ta ragu da kimanin kashi 95 cikin ɗari, silika kuma da kimanin kashi 80. Tanki ne da famfo da bakin feshi, ba wanda aka gwada wa gado.

Ƙa'idar ɗaya ce a ƙananan rumfuna. Dutsen da za a fasa ko a huda a jiƙa shi. Zarto da bakin ƙarfe a wasa su da ruwa yana zuba. Walda a yi ta a sarari, mai aiki da yaronsa su zauna ta inda iska ke fitowa don hayaƙin ya tafi gaba, a riƙe ƙarfe da matsi maimakon hannun yaro. Aiki a cikin tanki ko ɗaki a rufe shi ne mafi haɗari. Fenti da rufin tutiya a kankare su kafin a sa wuta. A yayyafa ruwa kafin shara. Kayan aiki a bar su a rumfa, kada su shiga ɗakin da yara ke kwana. Ƙyalle ko rawani a hanci yana tare manyan ƙwayoyi ne kawai, takunkumin asibiti ma iska tana bi ta gefensa. Wanda ke aiki shi ne mai matatar ƙura, irin wanda ake kira N95 ko FFP2, idan ya kama fuska sosai. Taba sigari kuwa tana ninka kusan kowace ɓarna da aka ambata.

Saura maganar ganewa. Najeriya ce ke kan gaba a Afirka wajen yawan masu tarin fuka, don haka duk mai dogon tari da rama shi ake fara zargi, kuma daidai ne. Cutar silika ma tana ninka haɗarin tarin fuka kimanin sau uku, sau da yawa tare ake samun su. Matsalar tana tasowa ne idan gwajin kaki ya nuna babu ƙwayar cutar, ko an gama maganin wata shida haki bai tafi ba. Tabon silika da ƙulle-ƙullen beriliyam duk suna iya kama da tarin fuka a hoto. Irin wannan majinyaci yana buƙatar a tura shi daga Babban Asibitin Rano zuwa inda ake awon ƙarfin numfashi da hoton ƙirji mai zurfi, kamar Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Sanin sunan ciwon yana da amfani ko da tabon ba ya gogewa: cutar beriliyam da ta kobal sukan lafa idan an raba mutum da ƙarfen aka ba shi maganin kwantar da garkuwar jiki, kuma ciwon mutum ɗaya gargaɗi ne ga duk waɗanda ke rumfarsa.

Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 ta amince da cututtukan sana'a, ta ɗora wa masu ɗaukar aiki zuba kashi ɗaya cikin ɗari na albashin da suke biya a asusun NSITF. A Afirka ta Kudu, kamfanonin zinare sun amince a 2018 su biya rand biliyan 5 ga mahaƙan da silika da tarin fuka suka kama, bayan shari'ar shekaru. Mai walda na bakin hanya da mai fasa tsakuwa da ɗan cin rani ba su da takardar ɗaukar aiki, sunansu ba ya cikin kowane rajista, don haka da wuya wannan kariya ta iso gare su. Abin da ya rage musu shi ne katin asibiti. Ma'aikacin lafiya a Rurum ko Kibiya da ya karɓi mai tarin da ya wuce mako biyu, bayan ya aika da kakinsa gwaji, wanda kyauta ake yin sa a cibiyoyin tarin fuka na gwamnati, ya tambaye shi sana'ar da yake yi, da wadda ya taɓa yi, da inda yake zuwa cin rani, da shekarun da ya ɗauka a kowace, ya rubuta amsar a katin.